Amsoshin Tambayoyinku: Daga Azare Zuwa Aikin Lauya

Tambaya: Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare a nan Azare, kuma burina in zama lauya. Makarantarmu ba ta da malamin adabin Turanci, an ce mu ɗauki wani darasi a madadinsa. Sannan Baba yana cewa aikin lauya kare maƙaryata ne, kuma da dokar Bature ake yin sa. Shekara nawa karatun yake ci, a ina zan yi shi kusa da gida, kuma me zan faɗa wa Baba?

Amsa: Allah ya yi miki albarka da kika yi tambayar tun kina aji biyu, domin abin da kika ambata a tsakiyar wasiƙarki kamar ƙarami, shi ne ya fi gaggawa. Kada ki yarda ki saki adabin Turanci. Jami'o'in Najeriya suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ga mai son karatun lauya, kuma a cikinsu akwai Turanci da adabin Turanci, wasunsu ma har da lissafi. A jarrabawar JAMB kuma, bayan Turancin da ya wajaba a kan kowa, sai adabin, sannan darussa biyu irin su ilimin gwamnati, tarihi, ilimin addinin Musulunci ko Larabci. Yara da yawa sun ci JAMB da maki mai kyau, ranar tantancewa aka duba takardarsu babu adabi, aka karkatar da su zuwa wani fanni. Idan makarantarku ba ta da malami, ki sayi littattafan da aka tsara wa shekararku, ki nemi mai koya miki da yamma. Garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh ba zai rasa wanda ya karanci Turanci ba. Ki kuma tabbata an saka miki darasin ranar rajistar jarrabawa, ki gani da idonki a jikin takarda.

Digirin kansa shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta JAMB, 4 ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye da difloma ko IJMB. Amma digirin ba ya mayar da mutum lauya. Sai kin ƙara zangon karatu na kusan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda ta fara aiki a Legas a 1963, yanzu hedikwatarta tana Bwari a Abuja, kuma tana da rassa, har da na Bagauda a Kano da na Yola. A can ake koyon aikin a aikace: yadda ake shigar da ƙara, yadda ake rubuta takardar cinikin fili, yadda ake yi wa kamfani rajista, da ladubban sana'ar. Za a tura ki kotu ki zauna ki kalli shari'a, a tura ki ofishin wani lauya ki ga yadda ake haɗa fayil. Idan kika ci jarrabawar ƙarshe, a rantsar da ke, a rubuta sunanki a rajistar Kotun Ƙoli. Ki ɗora shekarar hidimar ƙasa, kin ga shekara 7 ke nan, ban da abin da yajin aikin malaman jami'a kan ci.

Batun kusa da gida kuwa, kin yi dace. Jami'ar jiha da aka kafa a Gadau a 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, tana da tsangayar shari'a, kuma tsangayar a Misau take, ba a Gadau ba. A Misau ɗin nan kuma akwai Kwalejin A.D. Rufa'i, da ta daɗe tana ba da difloma a fannin shari'a, ko da yake ba kowace jami'a ke karɓar difloma don shiga aji biyu ba, sai an duba littafin JAMB na shekarar. Idan Baba ya yarda ki ɗan yi nisa, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya inda tsangayar take a Kongo, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Jami'ar Maiduguri.

Akwai tambaya ɗaya da iyaye ba su cika yi ba, kuma ita ke hana kuka daga baya. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi tana yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, kuma gwargwadon wannan adadi ake ba ta gurbi a Makarantar Lauyoyi. Jami'ar da ta kwashi fiye da kasonta, ɗalibanta ne za su gama digiri su zauna a gida suna jiran layi. A 2023 majalisar ta dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya na shekara 5 saboda wannan laifi. Don haka kafin ki cike sunan kowace jami'a, ki bincika ko majalisar ta amince da tsangayarta, nawa ne kasonta, kuma waɗanda suka gama bara sun tafi Makarantar Lauyoyi ko suna nan.

Yanzu maganar Baba. Kada ki yi masa gardama, domin damuwarsa tana da tushe. Duk wanda ya taɓa zirga-zirgar kotu a kan gona ko gado ya ga yadda ake jan shari'a har mai gaskiya ya gaji. Amma dokar sana'ar ta haramta wa lauya yaudarar kotu ko gabatar da shaidar da ya san ƙarya ce, kuma ana soke sunan wanda aka kama daga rajista. Wakilci a gaban alƙali kuma ba baƙo ba ne a fiƙihunmu na Malikiyya. Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka dogara da shi tun da daɗewa, yana da babi a kan wakilci. Ki roƙi Baba ya tambayi malamin da ya yarda da shi a kan wannan.

Game da dokar Bature, gaskiya ne za ki karanta dokokin da muka gada daga Ingila, irin su dokar kwangila da ta diyyar ɓarna, da tsarin mulkin 1999, da Finalkod da Arewa ke aiki da shi tun 1960, da dokar mallakar ƙasa ta 1978 wadda ta damƙa filaye a hannun gwamna. To amma Bayero da Ɗanfodiyo digirinsu haɗe yake, dokar zamani da Shari'ar Musulunci, Zariya da Maiduguri kuma suna da ɓangaren Shari'a. Za ki zauna ki yi lissafin gado, ki fitar da tumunin takaba da sudusin uwa, ki karanci hukuncin aure da saki da riƙon yara da usulul fiƙhi. A ganina wannan haɗin shi ya fi dacewa da ke. Yawancin shari'o'in da suka shafi mata a Azare, Gamawa, Shira da Zaki na gado ne da saki da ciyarwa, a kotun Shari'a ake yin su, kuma akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa wa lauya namiji ba.

Ki ba Baba labarin Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ɗan Doguwa a ƙaramar hukumar Giade. A Sakandaren Gwamnati ta Azare ya gama a 1973, ya yi digirin Shari'ar Musulunci a Zariya a 1980, aka rantsar da shi lauya a 1981. Ya fara da majistare, ya zama ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Bauchi, har ya kai Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2019 zuwa 2022. A mata kuma ga Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, ɗalibar Zariya ita ma, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, daga 2014 zuwa 2020. Idan sutura ce damuwar, a Disambar 2017 an hana wata ɗaliba mai suna Amasa Firdaus shiga zauren rantsar da lauyoyi saboda hijabi, amma a Yulin 2018 an rantsar da ita da hijabinta a ƙarƙashin hular lauyoyi.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Karatun lauya karatu ne na cin takarda: hukunci ɗaya na Kotun Ƙoli kan kai shafi 50, da Turanci mai nauyi, kuma ana so ki tsamo dalilin hukuncin ki dafa amsarki da shi. Littattafan suna da tsada, ga kayan sawa fari da baƙi, ga kuɗin Makarantar Lauyoyi da ya kamata a fara tanadinsa tun kina aji uku a jami'a. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 zai iya rage nauyin kuɗin jami'ar gwamnati. Sabon lauya kuma ba ya fara samun kuɗi nan take.

A hutun da ke tafe, ki nemi izinin Baba, ko ma ku je tare, ku zauna a babbar kotu da kotun Shari'a a nan Azare. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, ba a biyan ko kwabo. Ki tafi da littafi da biro, ki rubuta abin da ba ki gane ba, ki aiko mana.