Zaɓen Safaya da Jak Domin Mota Mai Aiki da Fetur da Lantarki

Gabatarwa

Tun daga ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur a ƙasar nan, hankalin masu mota da yawa ya koma ga motocin da ba su da shan mai. Daga cikinsu akwai wadda ake kira haibirid, wato mota mai inji iri biyu, na fetur da na lantarki, suna taimakon juna. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan shi ne ya fara fitar da irinta kasuwa da yawa, cikin 1997, da sunan Prius. Yau ana ganin Prius da Camry da RAV4 masu irin wannan inji a titunan Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, da yawansu na hannu ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje.

Sau da yawa wanda ya sayi irin wannan mota ba ya ɗaga shimfiɗar but sai ranar da taya ta yi faci. A ranar ne zai tarar babu safaya, babu jak, sai kwalbar danƙo da ɗan ƙaramin famfo. An shirya wannan darasi ne domin mai mota ya san abin da zai saya, da yadda zai yi aiki da shi, tun yana gida.

1. Dalilin da ya sa safaya ta zama dole

Masu ƙera motar sukan cire safaya domin su rage nauyi, su kuma samar wa batir wuri. Danƙon da suke sawa a madadinta yana toshe ƙaramin hujin ƙusa a tafin taya kawai. Idan rami ya tsaga gefen taya, ko ya lanƙwasa rim, kamar yadda yakan faru a hanyoyinmu bayan damina, danƙo ba shi da wani amfani.

Na biyu, doka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa cikin 1988, ta lissafa tuƙi ba tare da safaya ba cikin laifuffukan da ake cin direba tara a kansu.

Na uku, ba a jan wannan mota da igiya kamar sauran motoci. Injin lantarkinta a haɗe yake da ƙafafun da ke tura motar, saboda haka idan aka ja ta suna juyawa a ƙasa, injin zai riƙa haifar da wuta, kuma hakan na iya lalata kayan da gyaransu ya fi kuɗin safaya nesa ba kusa ba. Sai dai a ɗora ta bisa motar ɗaukar motoci, ita kuwa ba a ko'ina ake samunta ba, balle da dare a tsakiyar daji.

2. Yadda ake zaɓen safaya

Safaya iri biyu ce. Akwai cikakkiya, wadda take daidai da sauran tayu huɗu, akwai kuma siririya ta wucin gadi, wadda lambarta ke farawa da harafin T. Siririyar ba ta cin wuri, amma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma aikinta shi ne ta kai mota wurin mai faci mafi kusa. Iskarta ma daban ce: ana sa mata psi 60, alhali tayun yau da kullum ba su cika wuce talatin da 'yan kai ba. Lalle ne a faɗa wa mai faci haka, don in ba a faɗa ba zai auna ta kamar sauran. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari take, siririya ta ishe shi. Mai doguwar tafiya kuwa, kamar daga Kano zuwa Maiduguri ko daga Abuja zuwa Lakwaja, cikakkiya ta fi masa kwanciyar hankali.

Kowacce za a saya, a duba abubuwa huɗu.

Girma. A gefen kowace taya akwai lamba, misali 195/65 R15 91H, irin ta Prius da yawa. Faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim ɗinta kuma inci 15. Lamba 91 tana nufin tayar na ɗaukar nauyin kilo 615. Kada a sayi wadda lambar nauyinta ta gaza wadda kamfani ya rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba. Tsayin safaya daga ƙasa zuwa sama ya zama daidai ko dab da na sauran, domin na'urar birki tana ƙidaya juyin kowace ƙafa, kuma bambanci mai yawa yakan rikita ta.

Ramukan noti. Yawan ramuka kaɗai bai isa shaida ba. Prius da aka ƙera daga 2004 zuwa 2022 tana da ramuka biyar bisa da'ira mai faɗin milimita 100. Camry da RAV4 su ma biyar gare su, amma bisa da'irar milimita 114.3. Kamfani ɗaya, ramuka biyar-biyar, amma rim ɗin wannan ba ya shiga waccan. Don haka ko a Ladipo ta Legas za a saya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a Panteka ta Kaduna, ko a Apo ta Abuja, a je da motar, a ɗaura safayar a gaba da baya, a juya ta da hannu a tabbata ba ta gogar birki, sa'an nan a biya kuɗi.

Shekaru. Bayan haruffan DOT akwai lambobi, huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwar taya. Idan an rubuta 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana bushewa ko ba a taɓa taka ta ba, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta bushewar. Safaya mai kyan zane amma tsohuwa, ko mai tsattsagewa a gefe, a bar wa mai ita kayansa. Araha ba ta ado.

Wurin ajiya. Idan motar ba ta da ramin safaya, a kwantar da ita cikin but a ɗaure ta tam, don kada ta zama makami ranar da aka taka birki da ƙarfi. Kada a ɗora ta bisa kujerar baya. A motoci da yawa nan kusa da kujerar ne ƙofar iskar da ke sanyaya babban batir take, kuma toshe ta yana sa batir ya yi zafi.

3. Yadda ake zaɓen jak

Kowane jak an rubuta nauyin da yake iya ɗagawa a jikinsa. Prius tana da nauyin kilo 1,400 ko kusa da haka, RAV4 kuwa ta kai wajen 1,700, kafin a sa mutane da kaya. Jak mai tan ɗaya da rabi ya wadatar ga ƙaramar mota, mai tan biyu ga babba. Wanda ba a rubuta masa komai ba, kada a amince da shi.

Jak mai almakashi shi ne aka fi sawa cikin waɗannan motoci, domin yana kwanciya ƙasa sosai, kuma a kansa akwai tsaga da ke kama bakin ƙarfen motar. Jak mai kama da kwalba yana da ƙarfi, amma sau da yawa tsayinsa ba ya barinsa ya shiga ƙarƙashin mota mai ƙasa-ƙasa, musamman bayan taya ta sace motar ta ƙara zama. Tare da jak a tanadi sifanar da ta dace da notin motar, da weji biyu, da guntun katako mai kauri na shimfiɗa wa jak a kan yashi ko taɓo. Idan akwai noti mai makulli, makullinsa ya zauna cikin mota.

Wuri huɗu ne aka tanada domin jak: bayan kowace ƙafar gaba, da gaban kowace ƙafar baya, inda aka yi alama a bakin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. A nan kaɗai ake kafa shi. A ƙarƙashin motar akwai wayoyi masu launin ruwan lemo, waɗanda ke ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Wannan wuta tana kisa. Kada jak ya taɓa su, kada hannu ya taɓa su, kada kuma a bar yaron mai faci ya cusa jak inda ya ga dama.

4. Ranar da taya ta yi faci

Direba ya sauka daga kwalta zuwa wuri mai tauri da ba gangare, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan mota da 'yar tazara. Fasinjoji su fito su tsaya nesa da hanya.

Daga nan ya sa giya a P, ya ja birkin hannu, ya kashe motar ɗungum. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin wannan mota takan yi tsit alhali a kunne take. Muddin kalmar READY tana haske a gaban direba, injin fetur yana iya tashi da kansa a kowane lokaci, kuma girgizarsa ta isa ta zame mota daga kan jak. A tabbata kalmar ta mutu, a kuma sa makulli cikin aljihu.

A sa weji a ƙafar da ke kusurwar da ke fuskantar wadda ta yi faci. A sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sa'an nan a ɗaga. Bayan an ɗaura safaya, a ɗaure notuna ana tsallake ɗaya, a sauke motar, a ƙara ɗaure su. Ko da wasa kada kowa ya shigar da kansa ko hannunsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Idan abin ya gagara, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra kyauta a lamba 122.

Kammalawa

Ana kira ga duk mai irin wannan mota da ya buɗe but ɗinsa cikin wannan mako ya ga abin da ke ciki. Wanda ya sayi safaya da jak ya gwada su sau ɗaya a ƙofar gidansa da rana, ya kuma riƙa auna iskar safayar kowane wata. Masu sayar da motoci su gaya wa mai saye gaskiya idan motar ba ta da safaya. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu faci kuma su karanta wa 'ya'yansu wannan darasi a tasha, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji. Rigakafi ya fi magani.