Tseren keke a bazara: ran abokin tafiyarka yana hannunka

Ya ku matasa masu hawan keke, na Malanville da na Gaya da duk inda wannan rubutu ya iske ku. Ni ma'aikacin jinya ne a nan bakin kogin Isa, kuma abin da nake gani a wurin aiki duk bazara shi ya sa na ce bari in yi magana tun da wuri.

Da yawanku kun ga tseren keke na hamada a waya. Akwai Titan Desert da ake yi a Maroko tun 2006, kusan kilomita 600 cikin kwana 6, ta duwatsu da tudun rairayi. Akwai Desert Dash na Namibiya, daga Windhoek zuwa Swakopmund, kusan kilomita 400 cikin sa'a 24, mutum shi kaɗai ko a ƙungiyar mutum 2 ko 4. Sha'awa ta kama ƙannenmu, sai a haɗu a nufi garin Guéné ko Garou ko Madécali ana rige-rige. Wallahi abin yana burge ni. Sai dai waɗancan 'yan tseren akwai tashoshin ruwa a gabansu, likitoci a bayansu, ga watanni na atisaye. Mu kuwa a Afrilu zafi yana haura digiri 40, kuma babu motar da ke biye da ku. Likitanku na farko shi ne wanda ke tuƙi kusa da ku.

Ga dalili. Mai tuƙa keke a irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a sa'a guda. Idan ruwa ya ragu, jiki ya kasa fitar da zafi, har zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara taɓuwa. Shi ya sa wanda abin ya kama ba ya sanin ya kama shi. Zai ce muku lafiyarsa lau, har ya yi faɗa idan an ce ya sauka.

An taɓa kawo mana wani saurayi a kan babur, an sa shi a tsakiyar mutum biyu, kansa na lilo, rigarsa ta yi fari fat da gishirin gumi. Abokansa suka ce tun a hanya kekensa ke tangaɗi, yana ta sambatu, suka ɗauka wasa yake. Sun yi ƙoƙari, amma duk tsawon hanyar ba wanda ya zuba masa ruwa a jiki. Allah ya sa da sauran kwana, sai dai ƙodarsa ta sha wuya.

Don haka ku riƙe wannan. In kun ga ɗayanku yana tangaɗi, ko yana maganar da ba ta da kai, ko jiri da amai, a tsaya nan take. Kada ku jira gumi ya ɗauke, domin mai motsa jiki yakan kamu yana sharkaf da gumi. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi daga wuya har ƙafa ana yi masa fifita. In da ƙanƙara, a sa a wuya da hammata da matsematsi. A fara sanyaya shi kafin a ɗauke shi, a ci gaba a hanya har asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. A fita bayan asuba, a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Sabon shiga yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan kafin jikinsa ya saba. Kowa da gorarsa biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan ke nan. Mai azumi ya bar doguwar tafiya. Hanyoyin da suka nufi gandun dajin W kuma a bar su saboda halin tsaro.

Sai maganar tiramol. Masu shan sa don ƙarin ƙarfi, ku sani yana danne gajiyar da jiki ke yi muku gargaɗi da ita, yana kawo jiri da farfaɗiya. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana shi a gasa tun 2019.

A tseren Cape Epic na Afirka ta Kudu, doka ce abokan tafiya biyu kada su yi wa juna nisan da ya wuce minti 2. Ina roƙon kowace ƙungiya ta ɗauki irin wannan doka. Kafin a tashi, a haɗa kowa da wanda zai riƙa duba fuskarsa, a naɗa wanda zai tsaya a baya, kuma a yi alkawari cewa in aka ce wa mutum ya sauka, zai sauka ba gardama. Allah ya tsare mana ku.