Ƙwayar Cutar Da Ke Kawo Sankarar Fata

Jama'a, karatunmu na yau a kan wani ciwo ne da ke fitowa a fata, wanda likitoci ke kira sankarar Kaposi. Kaposi sunan wani likita ne na birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya. Shi ya fara ba da bayanin ciwon cikin shekarar 1872. Amma ba a san abin da ke kawo shi ba sai 1994, sa'ad da waɗansu likitoci biyu, mata da miji, Yuan Chang da Patrick Moore, suka gano ƙwayar cutar a birnin Niyok na Amurka. Irin ƙwayar nan ce da a ke kira bairas. Don ƙanƙantarta, ko madubin likita na kullum ba ya nuna ta.

Kafin mu gane ɓarnarta, sai mu san yadda jiki ya ke. Kamar yadda a ke gina soro da tubali, haka aka gina jikinmu da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai, sunansu ƙwayoyin halitta. Kowace tana da ɗan ɗaki a tsakiyarta inda umurni ya ke ajiye, watau yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta dakata. Akwai kuma dogarai a cikinta. Babbansu shi likitoci ke ce wa p53. In ya ga ƙwaya ta lalace, sai ya hana ta rabuwa, ko ya sa ta mutu.

To, bairas ba ta iya haihuwa ita kaɗai, sai ta shiga gidan wani. Yawanci ta yawu ta ke bi daga mutum zuwa mutum, a ƙasashen Afirka kuwa da yawa tun suna yara su ke ɗaukarta. In ta shiga ƙwayar halitta, sai ta wuce har ɗakin nan na tsakiya, ta ajiye nata umurnin, ta lafe. Tana yin wani abu mai suna LANA, wanda ke ɗaure umurninta jikin na mai gida. Saboda haka duk sa'ad da ƙwayar ta rabu biyu, kowane ɓangare da baƙuwar a ciki. LANA ɗin nan kuma shi ke riƙe hannun dogari p53. Ku dubi doki in linzami ya tsinke. Haka ƙwayar ke yi, ta yi ta rabuwa ba tsayawa.

Ƙwayoyin da su ke shimfiɗe cikin jijiyoyin jini su ne ta ke haukatarwa, har su yi ta tsiro da sababbin jijiyoyi barkatai. Shi ya sa ciwon ke fitowa kamar tabo baƙi ko ja-ja mai duhu, ko ƙulli, galibi a ƙafa, wani lokaci a fuska ko cikin baki. Ƙafar ta kan kumbura. In ya yi nisa ya kan kai hanji da huhu.

Amma fa kada hankalinku ya tashi. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar nan har su tsufa ba sa ganin kome, domin garkuwar jiki tana danne ta. Sai garkuwa ta yi rauni ta ke samun hanya, musamman in ƙanjamau ya kama mutum. Cikin 1981, ganin ciwon nan a jikin samari a Amurka yana cikin abubuwan da suka fara nuna wa likitoci cewa ƙanjamau ya bayyana. Akwai dai waɗanda ke samunsa ba tare da ƙanjamau ba, kamar tsofaffi, don haka kada mu nuna kowa da yatsa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne tabon ba ya cika yin zafi da fari. Sai a ce sammu ne, ko a kai wa wanzami ya tsaga. Tsaga ba ta fid da shi, sai ƙarin miki. Wanda ya ga irin tabon nan ya ƙi tafiya, ya je asibiti. Likita zai yanki ɗan kaɗan ya duba, ya kuma gwada jini. In ƙanjamau ne, maganin da ke danne shi ya kan ta da garkuwa, sau da yawa tabon ya ja baya. In ciwon ya bazu, sai a haɗa da maganin sankara. Allurar rigakafin wannan bairas kuwa, ba a samu ba tukuna.

Tambayoyi: Mene ne aikin p53? Ta wace hanya bairas ɗin nan ke yaɗuwa? Don me ba kowane mai ɗauke da ita ke kamuwa da ciwon ba?