Me Ya Sa Ƙwarin Hatsi Suka Daina Jin Magani?

Ya kai manomi, da kai mai saye ka ajiye don jiran tsada, akwai wani kuka da ya yawaita a bakinku. Wai maganin yanzu ba shi da ƙarfi: an sa shi a buhun wake, an buɗe bayan wata biyu, an tarar da ƙwari suna ta kai da kawowa. Daga nan sai a ce jabu ne. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba a musu. Amma sau da yawa maganin lafiyarsa lau. Ƙwarin ne suka sauya, kuma hannunmu ne ya sauya su.

Ƙwayar nan mai launin toka da ake sayarwa da sunan Phostoxin ko Celphos, wadda wasu ke kira bom, ba taɓa ta ƙwaro ke yi ya mutu ba. In ta sha danshi sai ta dagargaje ta saki wata iska mai guba da ake kira fosfin, mai warin tafarnuwa. Ƙwaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan iska. Iskar ce ke ratsa hatsi har ta iske tsutsar da ke kwance cikin cikin wake. Ke nan aikin duka ya rataya ga abu ɗaya, wato a tsare iskar nan kada ta tsere.

To, kwana nawa? A nan ne akasarinmu muke tuntuɓe. Babban ƙwaro mai yawo yana numfashi sosai, saboda haka cikin kwana ɗaya ko biyu ya sheƙa. Amma ƙwai, da tsutsar da ta naɗe tana shirin zama ƙwaro, numfashinsu kaɗan ne ƙwarai, gubar da suke shaƙa ba ta taka kara ta karya ba. Dole iskar ta zauna har su kai matakin da za ta kama su. Shi ya sa a Ostareliya, inda suka daɗe suna fama da wannan matsala, ƙa'idarsu ita ce kwana 7 a rufe in akwai zafi, kwana 10 in da sanyi. Rumbun ƙasa mai jinka, ko buhun algarara, ko ɗaki mai tagar langa-langa, ba wanda zai iya riƙe iska ko da rabin wannan lokaci. Sa bom a cikinsu ɗiban ruwa ne da kwando. Manomi ya ga gawar ƙwari a bakin buhu, ya ce madalla, alhali na ciki suna nan.

Abin da ya fi wannan muni shi ne su wane ne ke tsira. A cikin dubban ƙwari akan sami 'yan ƙalilan da Allah ya halitta da juriya, kuma juriyar gado ce. Cikakkiyar guba tana kashe su tare da sauran. Guba rabi da rabi kuwa raunana kaɗai take ɗauka, ta bar wa masu taurin rai hatsin su hayayyafa. Ƙwaron wake a lokacin zafi bai cika wata guda ba ya zama uba. Mai buhu ya sake ganin ƙwari, ya sake jefa ƙwaya a wannan buhu mai yoyo, ya sake tace masu ƙarfi. Masana sun gano cewa ƙwayoyin gado biyu ne ke ɗauke da wannan hali. In ƙwaro ya gaji ɗaya, juriyarsa mai sauƙi ce. In ya haɗa biyun, sai ta ninka ɗaruruwa.

Wannan ba sabon labari ba ne. Tun a 1972 zuwa 1973 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattaro ƙwari daga ƙasashe da yawa, ta tarar wajen kashi 10 cikin 100 na samfuran sun fara jure wa fosfin. A farkon shekarun 1980 aka sami masu tsananin juriya a manyan ɗakunan ajiya na Bangaladash, inda aka yi ta maimaita magani a gine-gine masu yoyo. A 2012 masu bincike a jihar Oklahoma ta Amurka suka ba da labarin wani ɗan ƙwaro mai huda alkama da sai an ninka masa guba fiye da sau 1,500 kafin ya mutu kamar 'yan'uwansa. Kuma a sani, ba wani magani mai araha da ke jiran gado. Metil buromaid, wanda dā ake ji da shi, an janye shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal saboda lahanin da yake wa sararin samaniya, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa ya cika a 2015.

Saboda haka ƙara yawan ƙwaya ba dabara ba ce, ɓarnar kuɗi ce da sayen haɗari. In za ka sa magani, sa shi a durom mai murfi da ke kamawa gam, ko ka lulluɓe tarin buhuna da leda mai kauri marar huda, ka danne gefenta da yashi. Bi adadin da aka rubuta a gwangwani. Ƙunshe ƙwayar a takarda don tokarta kada ta gauraya da abinci, ka binne tokar bayan an gama. Kada ka buɗe kafin kwana 7 ko 10 ɗin nan su cika, ko da mai saye ya zo da kuɗi a hannu. Share rumbu ka ƙone sharar kafin sabon amfani ya shigo, kada kuma ka zuba sabo a kan tsoho. Faufau kada a yi wannan aiki a ɗakin kwana ko wanda ke manne da shi, domin iskar da ke kashe ƙwaro tana kashe mutum, takan kuma fara da yara.

Ga mai buhu biyar ko goma, a ganina bai ma da bukatar bom. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara gwada dabararsa tare da masu bincike a Marwa ta Kamaru, aka kuma yaɗa shi a Nijeriya da Nijar daga 2007, ba ya amfani da guba ko kaɗan. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Ƙwarin su shaƙe 'yar iskar da ke ciki, su daina ci, su mutu. Sharaɗinsa dai wake ya bushe ƙayau, a duba ledar ba huda, a ɗaure kowane baki daban, a kuma ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera.