Darasin Tarihi: Bori a Birnin Kano da Abin da Za Ku Yi Idan 'Yar'uwarku Ta Faɗi

Ya ku ɗalibai, da ku iyaye masu karɓar mujallar nan daga hannun yara ku duba, darasinmu na wannan fitowa a kan bori ne. Na san wani zai ce, "Malam, me ya kawo bori cikin mujallar Islamiyya?" To, ku yi haƙuri ku karanta. Kalmar tana bakinku kullum. Ƙaninku ya yi birgima don an hana shi alewa, kun ce yana bori. Yarinya ta faɗi a aji, kun watse da gudu kuna cewa iska ce. Gara ku san asalin abin.

Imani da iskoki ya riga Musulunci zuwa garin nan. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da ke zaune a Dutsen Dala yana yi wa Tsumburbura hidima. Wangarawa sun kawo addini zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kana Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya ƙarfafa shi tare da Shehu Magili. Amma tsohuwar al'ada ba ta tafi rana ɗaya ba. Ta bar fada da dandali, ta shige cikin gida, ta zama hanyar neman magani, musamman a wurin mata.

Ga yadda 'yan bori suka ɗauki lamarin. A wurinsu iskoki suna da birni mai suna Jangare, da sarkinsu Sulaimanu, da gidaje 12, kowane gida da zuriyarsa. Wani Ba'amurke, Fremont Besmer, ya zauna da makaɗan bori na Kano ya rubuta wannan tsari a littafinsa na 1983. Kowane iska, in ji su, yana da ciwon da yake sa wa mutum, kuma shi ne mai warkar da shi. Wanda iska ya hau ana kiransa doki, mace kuwa goɗiya, domin a ganinsu jikin nata ne, amma mai linzamin wani ne.

Idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an sha saiwa, an sha rubutu, ba sauƙi, sai a ce a yi girka. Za a killace marar lafiya kwana 7 ko fiye a gidan uwar girka, ana ba ta jiƙe-jiƙe, ana yi mata turare, a yanka dabba mai launin da iskan yake so. Mai garaya ko mai goge yana kaɗa taken iskoki ɗaya bayan ɗaya, masu buta suna kaɗawa, har a zo kan wanda ya taɓa ta. Nan jiki zai ɗau rawa, ido ya juye, murya ta sauya. In Malam Alhaji ne, sai ta rankwafa kamar tsoho, tana tari, tana jan carbi. In Kuturu ne, ta dunƙule yatsu tana korar ƙuda. Ɗan Galadima kuwa ɗan sarki ne mai almubazzaranci, sai taƙama da rabon kyauta. Wasu su yi tsalle su faɗo da mazaunai, shi ne jifa. Atishawa ce alamar ya sauka. Abin lura a nan, girka ba ta korar iska. Sulhu ake yi da shi, a zauna tare har mutuwa, kuma duk shekara da hidimarsa.

Kun san ciwon shan inna? To, Innar nan da ke cikin sunan iska ce ta bori, wadda aka ce tana shanye ƙafa ko hannu. Yau mun san ƙwayar cuta ce, kuma ɗigon rigakafi ya yi maganinta, har a 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayar ta daji ta ƙare a Nijeriya. Suna ya zauna, bayani ya sauya.

Hukuncin malamai a bayyane yake. Aljanu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani. Amma yanka dominsu da neman waraka a hannunsu shirka ne, shi ya sa Shehu Usmanu da jama'arsa suka yaƙi bori tun kafin jihadin 1804. Sai dai ku dubi hikimar 'yarsa Nana Asma'u, Allah ya jiƙanta. Ta gane cewa matar da ke zuwa gidan bori ba kiɗa kaɗai ke kai ta ba. Mace ce da ta rasa haihuwa, ko 'ya'yanta ke mutuwa, ko kishi da kaɗaici suka cinye ta a ɗaki, ba mai tambayarta me ke damunta. A gidan bori ana zama da ita, a ba ciwonta suna, a yi mata hidima mako guda. Saboda haka Nana ba ta tsaya ga hani ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis masu bi ƙauye-ƙauye suna koya wa mata karatu da addu'a, suna duba marasa lafiya. Har malfar da Innar Gobir, shugabar 'yan bori, take sawa, ita Nana ta ɗora wa jajinta. A ganina wannan ya fi wa'azi dubu aiki.

Iyayenku da yawa za su tuna ƙarshen shekarar 1995, lokacin da ɗaruruwan 'yan mata a wasu makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa, suna ihu, suna rawa, aka yi ta kiran abin Sumbuka. Gari ya ruɗe. Wasu suka nufi 'yan bori, wasu asibiti, malamai kuma suka shiga ruƙiyya, wadda daga lokacin ta bazu ƙwarai a birni. Ba a jima ba, a farkon 1996, annobar sanƙarau ta shigo ta kashe dubban mutane a Arewa. Ita kuwa farkonta zazzaɓi ne da sanƙarewar wuya da fita hayyaci, abin da mai gaggawa zai ce iska ce, alhali kowace sa'a da aka ɓata tana iya zama ajali. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a shekarar 2000 wasan bori a fili ya ja baya sosai, amma faɗuwa a aji ba ta daina ba.

To, yanzu ga naku. Idan 'yar ajinku ta faɗi tana jijjiga, kada ku gudu, kada kuma ku yi mata da'ira kuna kallo. Ɗaya ta ruga ta kira malama. Ku janye benci da duk abin da zai ji mata rauni, ku sa mayafi ƙarƙashin kanta, in jijjigar ta lafa ku kwantar da ita a gefenta. Kada a tura mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin wannan hali, zai iya sarƙe ta. Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa farfaɗiya, wannan camfi ne. Ku rufe mata jiki. Ku tuna matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi, sallallahu alaihi wasallama, abin da ta roƙa a ƙarshe shi ne kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya kuwa yi mata addu'a.

Iyaye, in jijjiga ta wuce minti 5, ko akwai zazzaɓi mai zafi, sai asibiti nan take, a yi ta Falaƙi da Nasi a hanya. Ruƙiyya karatu ce da addu'a. Wanda ya ɗauko bulala ya ce aljani yake duka, ku ce masa bayan 'yarku ne zai kumbura. In an auna ba a ga komai ba, kuma abin yana dawowa, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano, zuwa can ba abin kunya ba ne. Kana uwa ta ja ta ɗaki, su biyu kawai, ta tambaye ta a hankali: jarrabawa ce, ko maganar auren da ba ta so, ko wani ne ke takura mata?

Aikin gida: kowa ya je wurin kakarsa ya tambaye ta yadda ake jinyar mai irin wannan ciwo a unguwarsu tana yarinya, da wanda ke zama da marar lafiyar. Ku rubuto shafi ɗaya, da ajami ko da boko, ku kawo ranar Asabar. Wassalam.