Jagoran Masu Aikin Ruwan Famfo: Abin da Ke Wuyansa

Darasi domin kwamitin ruwa, dattawan ikilisiya da ƙungiyoyin zumunta

'Yan'uwa, kowa ya san yadda ranar buɗe sabon famfo take. Ana kiɗa, mata suna guɗa, babban baƙo ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo. Ba a cika tambaya a ranar ba wane ne zai tashi da asuba ya kunna inji bayan baƙi sun tafi, kuma wane ne zai sa ido a kansa. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a shekarar 2017 ya nuna cewa wajen kashi 46 cikin 100 na ayyukan ruwan famfo a Nijeriya ba sa aiki, kuma kusan kashi 30 sukan tsaya tun cikin shekararsu ta farko. A watan Nuwamba 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta. Duk da haka, idan bututu ya fashe a bayan kasuwa, mutum uku ko huɗu na garin ne za su ɗauki diga da shebur su gyara shi.

Wannan darasi a kan wanda yake jan waɗannan mutane ne. A ƙaramin gari mai rijiyar burtsatse, da babban tanki a sama, da bututu zuwa unguwanni, akan sami mai kula da inji, mai gyaran famfo, masu tsayawa a bakin famfo suna karɓar kuɗi, da mai gadi. Daga cikinmu ake zaɓen jagoransu, saboda haka ya kamata mu san abin da za mu nema daga gare shi.

Ya san inda bututu ya bi

Ɗan kwangila yakan binne bututu ya tafi abinsa. Bayan shekara biyar an yi gini, an ja hanya, ba wanda ya tuna inda bawul na unguwar arewa yake. Aikin farko na jagora shi ne ya zaga da mutanensa, su zana taswirar layin a kan kwali babba, su sa alamar kowane bawul da kowace mahaɗa, su rubuta taku nawa ne daga bishiya ko kusurwar gida. A ajiye ɗaya a ɗakin inji, ɗaya a hannun sakataren kwamiti. Idan an san bawul, akan rufe layi ɗaya a yi gyara sauran gari suna shan ruwa. Idan ba a sani ba, sai a kashe wa kowa. A kuma koya wa ma'aikata su riƙa rufe bawul a hankali, gama rufewa farat ɗaya tana sa ruwa ya bugi bututu da ƙarfi har mahaɗa ta tsage.

Littafi, bokiti da agogo

Inji ba ya mutuwa ba tare da ya yi kashedi ba, sai dai in ba a saurara ba. Kowace rana mai kula da inji ya rubuta ƙarfe nawa ya kunna, ƙarfe nawa ya kashe, abin da mita ta nuna, da man da aka zuba. Inda ba mita, a tara jarka mai lita 20 a bakin bututun da ke fitowa daga rijiya a duba agogo. Idan a watan jiya tana cika cikin daƙiƙa 20, yau kuma tana ɗaukar daƙiƙa 35, akwai magana: ko ruwan rijiya ya ja ƙasa saboda rani, ko famfon da ke cikin rijiya ya fara gajiya, ko bututun ya huje. Famfon cikin rijiya ruwa ne yake sanyaya shi. In aka bar shi yana juyawa ba ruwa, zai ƙone. Masu amfani da hasken rana su tuna ƙurar hunturu tana rage ƙarfin allunan ƙwarai. A wanke su da sassafe kafin su yi zafi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi.

Jagora ya karanta littafin nan da idonsa kowane mako ya sa hannu. Littafin da ba a dubawa, a ƙarshen wata ake cika shi da ka, a zaune ɗaya.

Yoyo ba ƙaramin abu ba ne

Bari mu yi lissafi. Yoyon da yake cika jarka ɗaya cikin minti 10 yana zubar da lita 120 a awa ɗaya. Idan akwai ruwa a layin dare da rana, lita 2,880 ke nan, wato jarka 144. A ma'aunin lita 20 ga kowane mutum a rana, ruwan mutum 144 ne yake shiga ƙasa, kuma an riga an ƙona mai a kansa.

Asarar kuɗi ita ce ƙarama. A yawancin garuruwanmu ba a ba da ruwa dukan yini. Sa'ad da aka rufe, bututu yakan zama wofi, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan ramin da ruwa yake fita. Idan bututun ya ratsa ta cikin kwata ko kusa da masai, ƙazantar ce za ta shiga, gobe da safe kuma ita ce za ta fara fitowa a bokitin matan da suka yi sammako. Ta haka ruwan da ya fito daga rijiya da tsabta yake isa gida da cuta. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,600 kuma suka rasu, yawancinsu a jihohin arewa. A ganina, jagoran da ya ga bututu kwance a cikin kwata ya ce a bari sai an sami kuɗi, bai gane aikinsa ba tukuna. Ɗaure yoyo da robar tayar keke na kwana ɗaya ne, kafin a kawo soket da gam.

Bayan kowane gyara a buɗe ƙarshen layin ruwa ya zuba har ya washe kafin a bar mutane su ɗiba. Inda ake sa kilorin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar shi ya yi aƙalla minti 30 a cikin ruwa, kuma abin da ya rage a bakin famfo kada ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita. Ba a gane wannan da hanci ko da harshe. Akwai ɗan akwatin gwaji da ƙwaya da ake jefawa ruwan ya koma ruwan hoda. A gwada a famfon da ya fi nisa da tanki, gama a can kilorin yake fara ƙarewa. Ruwa mai laka kuwa, kilorin ba ya cinsa yadda ya kamata, sai an tace.

Ran ma'aikata

A nan ne jagora zai zama mai taurin kai, ko da za a ji haushinsa. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya ta kai nauyin buhun siminti 25 ko fiye. Ramin da ya wuce zurfin mita 1.2, musamman da damina, sai a kwantar da gefensa ko a tokare da katako, a kuma zubar da ƙasar da aka haƙo nesa da baki. Kada mutum ya shiga rami, ko rijiya, ko tanki shi kaɗai. A ɗaura masa igiya, wani ya tsaya a sama yana riƙe. Kada a kuskura a kunna janareto ko injin jan ruwa mai fetur a cikin rijiya ko a bakinta. Hayaƙinsa yana da guba marar wari, mutum zai faɗi bai sani ba, sau da yawa kuma wanda ya faɗa ciki don ya cece shi yakan mutu tare da shi. Kafin a taɓa waya, a kashe wuta a kulle akwatin, mabuɗin ya zauna a aljihun mai aikin. Allunan hasken rana suna ba da wuta muddin rana tana waje. Garin kilorin a ajiye shi a inuwa, a busasshen wuri, nesa da fetur da baƙin mai, a riƙa dama shi a mazubin roba, da safar hannu.

Haƙƙi da zumunci

Aikin sa kai yana da kyau na mako ɗaya ko biyu. Mutumin da zai kunna inji kowace safiya har da lokacin shuka da girbi, a yanka masa albashi, komai ƙanƙantarsa, a biya a kan lokaci. In ba haka ba, zai biya kansa daga man janareto. Jagora kada ya riƙe kuɗi. Kuɗi na ma'aji ne, da rasit, da asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, ana ware wani abu kowane wata domin ranar da famfo zai mutu.

Abin da ya fi wuya shi ne tsawata wa ɗan'uwa. Mai gyaran famfo ɗan ƙanin mai unguwa ne, ko ɗan dattijon ikilisiya, ya ja wa wani gida layi a ɓoye da dare. A kira shi gefe a yi masa magana, in ya sake a kai gaban kwamiti, a yi masa abin da za a yi wa kowa. A kowane aiki kuma a horar da mutum biyu, gama samari sukan tafi cin rani. Mata su shiga, su ne suke fara ganin ruwa ya canja launi. Ranar da za a rufe ruwa don gyara ko wanke tanki, a yi sanarwa a majami'a da masallaci da wurin mai unguwa tun da wuri, famfo na dukan gari ne. Abin da ya fi ƙarfin ma'aikata, kamar ciro famfo daga rijiya ko wanke rijiyar kanta, a rubuta wa sashen ruwa na ƙaramar hukuma ko hukumar RUWASSA ta jiha, a ajiye kwafin takardar.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane ne a garinmu zai iya nuna inda kowane bawul yake? In ya yi tafiya gobe, wa ya rage?
2. A ina bututunmu ya ratsa kwata ko ya kusanci masai? Ku tafi tare ku duba bayan sujada.
3. Idan famfon cikin rijiya ya ƙone a wannan mako, nawa ne a asusu, kuma nawa ne kuɗin sabo?