Amsoshin Tambayoyinku: Fitilun Jirgin Ƙasa na Wasa

Wani mai sauraronmu daga Kalgo, mai ƙera jirgin ƙasa na gwangwani yana kaiwa kasuwar Gwandu, yana tambayar yadda zai haɗa fitilun ba da hannu a gefen dogo.

To Malam, nemi ƙwayayen LED, ja da kore. Doguwar ƙafar kowanne ta tafi gefen batir mai alamar tarawa, gajeriyar ta koma ɗaya gefen. In batirin mai bolt 9 ne, sa resista mai om 470 a tsakani, kada ƙwan ya ƙone. Makunni mai hanya biyu zai kashe jan idan koren ya kama. Ja na nufin tsaya, kore wuce, kamar a layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016.